Darasin Sanin Duniya: Ƙauyen Luss Na Ƙasar Sikotilan

Idan aka ambaci ƙasar Turawa, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne manyan birane da dogayen benaye da masana'antu. Amma can ma akwai ƙauyuka. Akwai manoma da makiyaya, akwai garuruwan da mutanensu ba su kai ɗari biyu ba, inda kowa ya san kowa. Darasin wannan wata zai duba ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙauyuka, wato Luss, wanda ake furta sunansa kamar "Las". Za a yi bayani a kan abubuwa uku: asalin sunan ƙauyen, da cocin gundumarsa, da kuma abubuwan more rayuwa da yake da su. Ana so mai karatu ya bi darasin a tsanake, sa'an nan ya amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

INDA ƘAUYEN YAKE

Sikotilan ita ce yankin arewa na tsibirin Birtaniya. Da can ƙasa ce mai sarkinta da majalisarta, sai a shekarar 1707 ta haɗe da Ingila a ƙarƙashin majalisa ɗaya. A 1999 ta sake samun majalisarta a Edinbara, babban birninta, ko da yake har yanzu tana cikin Birtaniya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kai wajen miliyan 5.4.

Luss yana bakin yamma na wani babban tafki mai suna Loch Lomond, kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Gilasgo. Wannan tafki ya fi kowane tafki da ke tsibirin Birtaniya faɗin ruwa. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 36, zurfinsa kuwa a wani wuri ya kai mita 190. Akwai tsibirai da dama a cikinsa, wasu da dazuzzuka, wasu ƙanana ƙwarai. A tsallaken ruwa akwai dutsen Ben Lomond mai tsawon mita 974, wanda ake hango shi sosai daga bakin ƙauyen.

Ƙasar wurin mai sanyi ce da yawan ruwan sama. Ba a san rani da damina irin na ƙasashe masu zafi ba, domin ruwa na iya sauka a kowane wata. A watan Disamba hasken rana wajen awa bakwai ne kawai, a watan Yuni kuwa yakan haura awa goma sha bakwai. Tuddai sun yi yawa, ƙasar noma kaɗan ce, saboda haka kiwon tumaki da shanu ya fi noman hatsi ƙarfi.

MASU ƘASA

A tuddan Sikotilan, mutane sun daɗe suna zaune zuriya-zuriya, kowace da shugabanta da yankin ƙasarta. Ƙasar Luss tana hannun zuriyar Colquhoun. Wannan suna yana da wuyar karantawa ga wanda bai saba ba, domin ana rubuta shi da haruffa tara amma "Kahun" kawai ake cewa. Ƙasar ta shiga hannunsu ne ta hanyar aure a wajen shekarar 1368, lokacin da Robert Colquhoun ya auri 'yar da ta gaji mai ƙasar Luss. Tun daga nan, fiye da shekara 600 ke nan, zuriyar take riƙe da yawancin filayen wurin.

Kyawawan gidajen da ke jere a kan hanyar da ta gangara bakin tafki, masu ƙasa ne suka gina su a ƙarni na 19 domin ma'aikatansu. Da yawa daga cikin ma'aikatan nan masu fasa dutse ne. A tuddan da ke bayan ƙauyen akwai wani irin dutse mai santsi da ke tsagewa falle-falle, wanda ake rufin ɗaki da shi, irinsa ne kuma ake yi wa 'yan makaranta allo da shi a zamanin da. An yi ta ɗibar dutsen nan ana kai shi Gilasgo da wasu garuruwa, har aikin ya mutu a tsakiyar ƙarni na 20. Ma'aikatan sun watse, amma gidajen suna nan, da furanni a ƙofar kowanne.

ASALIN SUNAN LUSS

Kafin Ingilishi ya mamaye wannan yanki, harshen da mutane ke yi shi ne Galik, wanda ɗan'uwan harshen mutanen Ayalan ne. Yawancin sunayen wurare a kewayen tafkin daga wannan harshe suka fito.

An ce tsohon sunan ƙauyen shi ne Clachan Dubh. Kalmar "clachan" tana nufin ƙaramin ƙauye mai ɗakin ibada, "dubh" kuwa baƙi ko mai duhu. Ke nan ma'anar sunan ita ce ƙauye mai duhu. Dalilin da ake bayarwa shi ne, tuddan da ke yamma da shi suna tare rana da wuri, musamman da hunturu, sai inuwa ta rufe gari tun la'asar ba ta yi ba.

Game da sunan Luss kuwa, bayanin da masana harshe suka fi amincewa da shi shi ne cewa ya fito daga kalmar Galik "lus", wadda ke nufin ganye ko tsiro, musamman irin wanda ake ci ko ake magani da shi. Watau Luss wuri ne mai tsirrai.

Amma mutanen gari ba su tsaya nan ba. Akwai labarai biyu na gargajiya da ake bayarwa don a nuna yadda tsirran suka zo. Na farko ya ce, da aka kashe wani malamin addinin Kirista mai suna Kessog, sai aka lulluɓe gawarsa da ganyaye masu ƙanshi aka binne. Daga baya ganyayen suka tsiro suka rufe kabarin, sai aka riƙa kiran wurin da sunansu. Na biyu ya ce wata mace ce 'yar garin ta mutu a Faransa, aka kawo gawarta gida an barbaɗa mata wani fure da Faransawa ke kira "fleur de luce". Furen ya tsiro a kan kabarinta, har ya yi wa mutane maganin wata annoba, daga sunansa kuma aka sami Luss.

A nan akwai abin da ya kamata ɗalibi ya koya. Labarin baka daban, hujja daban. Sau da yawa suna ne ke fara zuwa, in an daɗe aka manta dalilinsa, sai a ƙago labari mai daɗi don a cike gurbin. Mai binciken asalin suna yakan yi abu uku. Yakan nemo yadda aka rubuta sunan a tsofaffin takardu. Yakan tambayi wane harshe ake yi a wurin lokacin da aka sa sunan. Yakan kuma duba ƙasar da idonsa, ya ga ko ma'anar ta dace da ita. Labarin furen Faransa ya faɗi a gwaji na farko, domin sunan Luss ya riga ya bayyana a takardun ƙarni na 13, kafin zamanin da ake cewa matar ta rayu. Duk da haka ba a zubar da irin waɗannan labarai, domin suna nuna abin da mutanen gari suke daraja.

SUNAYEN MAƘWABTA

Wanda ya san kalmomin Galik kaɗan zai iya karanta taswirar yankin kamar littafi. "Loch" tafki ne ko kuma reshen teku da ya kutso cikin ƙasa. "Ben" dutse ne mai tsawo. "Glen" kwari ne tsakanin tuddai. "Inver" bakin kogi ne, inda yake zuba cikin babban ruwa, don haka ƙauyen Inverbeg da ke arewa da Luss ma'anarsa ƙaramin bakin kogi. "Inch" tsibiri ne. Tsibirin Inchtavannach da ke kusa da Luss yana nufin tsibirin gidan mai ibada, an kuwa ce a nan Kessog ya zauna. Inchcailloch yana nufin tsibirin tsohuwa ko mace mai ibada. "Kil" a farkon suna galibi ɗakin ibada yake nufi, shi ya sa garuruwan Sikotilan da yawa suke farawa da shi. Rossdhu, inda babban gidan zuriyar Colquhoun yake, ma'anarsa baƙin tsinin ƙasa da ya shiga ruwa. Garin Dumbarton da ke kudu kuwa yana nufin ganuwar Biritaniyawa, wato mutanen da suka mulki yankin kafin masu harshen Galik su yi ƙarfi.

Wani suna mai ɗauke da tarihi shi ne Tarbet, ƙauyen da ke arewa da Luss. Ma'anarsa wurin da ake jan jirgi a kan tudu. Tsakanin Tarbet da reshen teku na Loch Long akwai siririyar ƙasa da ba ta kai kilomita uku ba. A 1263 mayaƙan Sarki Haakon na Nowe sun jawo jiragensu ta wannan wuri, suka jefa su cikin tafkin, suka kai hari a kan garuruwa da tsibiran da ke ciki, waɗanda mutanensu suke ganin ruwa ya kare su.

Suna ba abin wasa ba ne a wannan ƙasa. A watan Fabrairu na 1603 zuriyar Colquhoun ta gwabza da zuriyar MacGregor a kwarin Glen Fruin, kudu da Luss, aka kashe 'yan Colquhoun fiye da ɗari. Sarki James na Shida ya fusata, ya haramta sunan MacGregor ɗungum. Duk mai wannan suna dole ya canza, in ya ƙi kuwa hukuncinsa kisa. Sai a 1774 aka soke wannan doka kwata-kwata.

MENE NE GUNDUMAR COCI?

Tun wajen ƙarni na 12 aka fara rarraba ƙasar Sikotilan zuwa ƙananan gundumomi, kowace da cocinta guda da limaminta da maƙabartarta. Gundumar Luss ta haɗa da ƙauyen kansa da gonaki da kwaruruka da wasu tsibiran tafkin.

A 1560 Sikotilan ta fita daga ƙarƙashin Paparoma, a wani juyin addini da John Knox yake cikin jagororinsa. Tsarin da ya kafu daga baya ya ɗora tafiyar da kowane coci a kan limami da majalisar dattawa da ake zaɓa daga cikin jama'ar gunduma. Aikin wannan majalisa bai tsaya ga ibada ba. Ita ke tara sadaka ta raba wa gajiyayyu da marayu. Ita ke tsawata wa masu laifin ɗa'a. Ita ke rubuta sunayen waɗanda aka yi wa baftisma da waɗanda suka yi aure. Hukuma ba ta sake tsarin kula da matalauta ba sai a 1845, rajistar haihuwa da aure da mutuwa kuwa sai a 1855 ta koma hannunta. Saboda haka na ɗaruruwan shekaru cocin gunduma shi ne ofishin ƙauye. Har yau wanda kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Kanada ko Amurka ko Ostareliya, idan yana neman asalinsa, littattafan nan na gunduma ake buɗe masa.

TARIHIN COCIN LUSS

Bisa ga abin da aka gada, Kessog ɗan sarauta ne daga Ayalan, ya iso Luss a wajen shekarar 510 yana wa'azin addinin Kirista, aka kashe shi a wani wuri mai suna Bandry, kudu da ƙauyen kaɗan. Kiristocin ƙasar suka ɗauke shi waliyyi, suna tunawa da shi ran 10 ga Maris, kabarinsa kuma ya zama wurin ziyara. A kan wannan lissafi ne mutanen Luss suka yi bikin cika shekara 1,500 na addininsu a ƙauyen a 2010.

A 1315 Sarki Robert Bruce, wanda ya ci Ingilawa da yaƙi a Bannockburn a 1314, ya ba cocin Luss wata alfarma. Ya sa mil uku a kewayensa, wato kusan kilomita biyar, ta ƙasa da ta ruwa, su zama hurumi. Wanda ake bi da takobi, idan ya shiga wannan iyaka, ba a taɓa shi sai an yi masa shari'a. A zamanin da ramuwar gayya ta yi yawa, wannan ba ƙaramar kariya ba ce ga mai rauni.

An gina coci an rushe an sake ginawa a wuri ɗaya sau da dama. Wanda yake tsaye yanzu an gina shi a 1875, dalilin gina shi kuwa abin tausayi ne. A watan Disamba na 1873 shugaban zuriyar, Sir James Colquhoun, ya tafi farautar barewa a tsibirin Inchlonaig. A kan hanyar dawowa jirginsu ya kife, ya nutse tare da ma'aikatansa da ke ciki. Ɗansa, wanda shi ma James ne sunansa, ya gina sabon cocin don tunawa da shi. Rufin ciki na katako ne, masu ziyara kan ce ya yi kama da kifaffen jirgi.

Maƙabartar da ke kewaye da cocin ta girme shi nesa ba kusa ba. Akwai duwatsun kabari da masana suka ce sun haura shekara dubu. Wanda ya fi jan hankali shi ne wani dogon dutse mai doro, da aka sassaƙa kamar ɗaki mai rufi, na wajen ƙarni na 11. Irin wannan sassaƙa ana danganta ta da mutanen da suka zo daga ƙasashen arewacin Turai ta teku suka zauna a Birtaniya.

COCI DA KARATU

Shugabannin juyin 1560 sun so kowane mutum ya iya karanta littafin addininsa da kansa, don haka suka nemi a kafa makaranta a kowace gunduma. Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi, domin babu kuɗi. An yi dokoki a 1616 da 1633, sa'an nan dokar 1696 ta ɗora wa masu ƙasa na kowace gunduma nauyin samar da ɗakin karatu da biyan malami. Sannu a hankali ɗan manomi da ɗan makiyayi suka sami hanyar koyon karatu a ƙauyensu. A 1872 hukuma ta karɓi makarantun, ta wajabta karatu a kan kowane yaro daga shekara 5 zuwa 13.

Sai dai akwai matsalar harshe. Wata ƙungiyar yaɗa addini da aka kafa a Edinbara a 1709 ta buɗe makarantu a tuddai, amma da farko ta hana koyar da karatu da Galik. Abin da ya biyo baya shi ne yara suna karanta Ingilishi da baki ba tare da sun san abin da suke faɗa ba. Daga baya ƙungiyar ta sake shawara, ta ɗauki nauyin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Galik. James Stuart, limamin ƙauyen Killin, shi ya fassara Sabon Alkawari, aka buga a 1767. Ɗansa John Stuart, wanda ya zama limamin Luss a 1777 ya kuma zauna a nan har rasuwarsa a 1821, shi ne babban wanda ya ɗauki aikin Tsohon Alkawari, aka kammala bugawa a 1801. Daga 1811 aka kafa makarantun da ke koyar da karatu da Galik, yara da manya suna zama tare, malami ya yi ɗan lokaci a ƙauye ya wuce na gaba. An ga cewa wanda ya fara karatu da harshen da ya tsotsa ya fi saurin ganewa, har ma Ingilishin ya fi zo masa da sauƙi daga baya.

Shi wannan John Stuart masanin tsirrai ne kuma. Ya yi yawo a kan duwatsu yana tattara ganyaye, ya taimaki masu rubuta littafin tsirran Sikotilan, ya kuma dasa irin waɗanda ba a cika samu ba a lambun gidansa. Sai ga shi ƙauyen da sunansa ke nufin ganye ya sami limami masanin ganye. Haka kuma lokacin da Sir John Sinclair ya aika wa limaman gundumomi fiye da 900 tambayoyi a kan yawan jama'a da noma da farashi da sana'o'i, aka buga amsoshin cikin littattafai 21 tsakanin 1791 da 1799, John Stuart ne ya rubuta rahoton Luss. Albarkacin wannan rubutu ne ake sanin yadda ƙauyen yake fiye da shekara 200 da suka wuce.

Dokar 1872 ba ta ba Galik gurbi a makaranta ba, harshen ya yi ta ja da baya. A ƙidayar 1891 masu jin sa sun haura 250,000, a ta 2011 kuwa wajen 57,000 suka rage. A kewayen Luss ya daɗe da daina zama harshen yau da kullum, sai a sunayen tuddai da tsibirai ake jin sa. A 2005 majalisar Sikotilan ta yi dokar raya shi, akwai kuma makarantun da ke koyarwa da shi a yanzu.

ABUBUWAN MORE RAYUWA

Mazauna cikin ƙauyen Luss ba su da yawa, ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne wajen mutum 120. Duk da haka suna da ruwan famfo da wutar lantarki da hanya mai kwalta. Akwai kanti da wuraren cin abinci da otal-otal, da zauren taron jama'a, da matsayar jiragen ruwa inda ake ɗaukar masu yawo a kan tafki. Babbar hanyar da ta tashi daga Gilasgo zuwa arewa a da ta tsakiyar ƙauyen take bi, daga baya aka karkatar da ita ta bayan gari. Motocin safa suna tsayawa a nan, amma jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai an je garin Balloch a ƙarshen tafkin ta kudu.

Abin da ƙaramin ƙauye ba zai iya riƙewa ba, sai a je babban gari. Makarantar sakandare da asibiti da manyan kasuwanni suna garuruwa irin su Helensburgh da Alexandria. Ganin likita kyauta ne a ƙarƙashin tsarin lafiya na ƙasa da aka kafa a 1948, wanda ake biya da kuɗin haraji. Tun 1996 Luss yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Argyll da Bute. Ban da ita akwai majalisar jama'ar gari, wadda 'yan sa kai suke zama a ciki ba tare da albashi ba, su kai kukan ƙauye gaban hukuma.

Wasu abubuwan kuwa jama'a ne suka tsaya musu da kansu. A 1977 aka kafa ƙungiyar jirgin ceto a Luss, ta 'yan sa kai, masu fita dare ko rana idan wani ya shiga hatsari a kan tafkin, da gudummawar mutane kuma ake tafiyar da ita. Akwai kuma wasannin gargajiya na shekara-shekara da aka fara tun 1875, ana yin su a watan Yuli. A nan ake kokawa da tsere da jifan gungume da raye-raye, masu busa algaitar nan mai jakar iska suna ta busa.

RIBA DA WAHALAR BAƘI

Da aikin dutse ya mutu, baƙi ne suka zama abincin gari. Wani wasan kwaikwayo na talabijin da aka yi ta nunawa daga 1980 zuwa 2003, wanda aka ɗauki hotunansa na waje a Luss, ya sa sunan ƙauyen ya bazu. A 2002 aka mai da tafkin da kewayensa gandun shaƙatawa na ƙasa, na farko a Sikotilan. Cocin ma ya yi suna wajen ɗaurin aure, har masoya daga ƙasashe masu nisa sun riƙa zuwa a ɗaura musu a nan. An ƙiyasta masu ziyartar ƙauyen a shekara sun kai wajen 750,000.

Baƙo ruwa ne, in ya zo daidai ya raya shuka, in ya yi yawa ya ci gona. Baƙin nan su ke sayen abinci, su kwana a otal, su hau jirgi, da haka matasa suke samun aiki. Amma su ne kuma ke cika hanya da motoci har mai gida ya rasa inda zai ajiye tasa, su bar shara a bakin ruwa, wasu ma har su leƙa tagogin mutane. Mazauna sun yi shekaru suna kai ƙara. A 2017 hukumar gandun ta kafa dokar hana kafa tanti barkatai a bakin tafkin daga Maris zuwa Satumba. An kuma gina sabon filin ajiye motoci a bakin gari, aka taƙaita shigar motocin baƙi cikin lungunan ƙauyen.

Wata damuwar da ta shafi ƙauyukan Sikotilan masu kyan gani ita ce ta gidaje. Masu kuɗi daga birni sukan sayi gida don hutu ko don haya ga baƙi, farashi ya tashi, saurayin da aka haifa a garin ya kasa samun inda zai zauna da iyalinsa. Idan matasa suka tafi, yara su ragu, makaranta ta shiga haɗarin rufewa, masu zuwa coci su ƙaranta, kanti ya rasa ciniki da hunturu. Abubuwan more rayuwa na ƙauye a sarƙe suke da juna, in ɗaya ya faɗi yakan ja saura.

ABIN LURA

Tarihin Luss bai ɓace ba domin an rubuta shi: takardar sarki ta 1315, da littattafan dattawan coci, da rahoton limami, da rubutun da ke kan duwatsun kabari. Inda rubutu ya ƙare kuma, sunayen wurare sun riƙe saura, har bayan harshen da ya haife su ya bar bakin mutane. Ƙauyen da ke da masu iya karatu da rubutu shi ke iya adana labarinsa, shi ke kuma iya rubuta takardar koke idan abin da ya mallaka yana neman kuɓuce masa.

TAMBAYOYI

1. A wace ƙasa Luss yake, kuma a bakin wane tafki?
2. Mene ne ma'anar Clachan Dubh, kuma me ya sa aka kira ƙauyen haka?
3. Waɗanne abubuwa uku mai binciken asalin suna yake dubawa?
4. A faɗi ma'anar "Inver" da "Inch" da "Glen".
5. Wane ne ya gina cocin 1875, kuma saboda me?
6. Waɗanne ayyuka majalisar dattawan coci ta riƙa yi ban da ibada?
7. Me ya faru da yaran da aka koya wa karatu da harshen da ba su ji?
8. A kawo amfani biyu da wahala biyu da baƙi suke jawo wa Luss.

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya sami dattijo biyu a garinsu, ya tambaye su asalin sunan garin, kowanne shi kaɗai. Ya rubuta abin da suka faɗa cikin layi biyar-biyar, ya kawo wa malami. A aji a gwada amsoshin, a ga inda suka dace da inda suka saɓa. Bayan haka a haɗu a jera abubuwan more rayuwa da garin yake da su, a rubuta shekarar da aka samar da kowanne da wanda yake kula da shi, a ajiye takardar a wurin mai unguwa.